Aljihun Rigar Manaja

Yayata mai wanki ce. In na faɗi haka mutane sukan ɗauka wankin bakin famfo nake nufi, sai na ƙara musu da cewa a babban asibiti ta yi aikinta, a ɗakin wanki na can ƙuryar gini, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya. Da ƙuruciyarta ta shiga, ba ta fito ba sai da furfura. Na sha kai mata saƙo can. Ɗaki ne dogo mai ƙarancin taga, manyan injuna suna ta juyi kamar za su tsinke daga ƙasa, tururi ya cika ko'ina, warin maganin wanki yana shiga hanci har ya sa mutum hawaye. A keken turawa ake kawo musu kaya, zannuwan gado da rigunan ma'aikata, wasu da jini, wasu da abin da ba ya faɗuwa. Ita ce ke tsayawa a bakin ƙofa tana rarrabewa.

Dokar farko ta aikin ita ce a laluba aljihu kafin a jefa riga a inji. Likitoci da nas-nas ba abin da ba sa mantawa a ciki: biro, almakashi, makulli, kuɗi. Sauran abokan aikinta in sun tsinci abu sai su kai ofis, a yi ta cigiya, mai abu ya zo yana sosa ƙeya. Yaya ba ta yin haka. Ajiyewa take a gefe, in an wanke rigar an goge, ta mayar da abin cikin aljihun da ta same shi, ba ta cewa uffan. Ta ce mutum ba ya son a tuna masa ya yi sakaci. Hannunta ya saba da wannan lalube har ya zame mata jiki, ko rigar 'ya'yana ta ɗauka sai yatsunta sun shiga aljihu tukuna. Yatsun nan kuwa sun sha magani har sun tsattsage, in ta shafa maka fuska sai ka ji kamar soso.

Mijinta Manaja ake ce masa, ko da yake ni ban san abin da ya taɓa riƙewa ba in ban da biro. Mai kula da sito ne a wani kamfanin sayar da taya, kamfanin ya rufe lokacin ɗansu yana rarrafe. Ɗan nan shi kaɗai Allah ya ba su, shi ya sa kowa ke ce masa Tilo. Tun daga rufewar kamfanin Manaja ke neman aikin da ya dace da shi, kuma har ya tsufa ba a ƙirƙiro aikin ba. Kada in zalunce shi, ba ya duka, ba ya zagi, ba ya shaye-shaye, ga iya gaisuwa. In ya fito da safe cikin farar rigarsa, kwala a tsaye, biro a aljihu, sai ka rantse akwai mutum goma da ke jiran sa hannunsa. Rigar nan kuwa Yaya ce ke wanke ta, ta goge, ta rataye masa a ƙusar bayan ƙofa.

A watan farko da ya wuce ba albashi ne abin ya faro. Mai kantin layinsu ya aiko a kan bashi, Manaja ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Yaya ta goge rigarsa, ta ɗauko kuɗi cikin albashinta ta ninke su gida uku a tsaye, siriri kamar tsinke, ta zura a aljihun ƙirji ta rataye. Da safe ya sa riga ya fita. Ya biya mai kanti a gaban mutane, ya dawo ya ci abinci, bai ce ba, ba ta ce ba. Haka aka biya kuɗin haya, haka aka biya makarantar Tilo, haka aka yi jinyar uwarsa har ta rasu, dangi suna ta sa masa albarka. In maƙwabta sun tambayi abin da yake yi yanzu, Yaya ce ke amsawa da cewa yana ɗan taɓa dillancin filaye.

Sau ɗaya na kama ta tana yi. Ni robobi da kwanuka nake sayarwa a kasuwa, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya da murfi. Na tsaya a kanta na faɗa mata maganganu, na ce in za ta ba shi ta ba shi a hannu, ya san an ba shi, ya ji nauyin abin. Ta ci gaba da gugarta har na gama, sannan ta ce:

"Ke yarinya ce. Ranar da ya miƙo hannu ya karɓa daga gare ni, ba zai ƙara ɗaga kai a gidan nan ba. Ni kuma ba na son in ga uban ɗana da sunkuyayyen kai. Ki rufe bakinki, ba ki ga komai ba."

Na rufe, don ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ba na iya tsallake maganarta.

Manaja yana da fili na gado a bayan gari, wani wuri mai duwatsu kusa da juji, wanda 'yan'uwansa suka bar masa don ba mai so. Shekara da shekaru ba abin da ke fitowa a wurin sai ƙaya da ledoji. Da Yaya ta yi ritaya aka ba ta kuɗin sallama, kuɗin da ba ta taɓa riƙe irinsu ba kuma ba za ta ƙara ba. Na same ta har gida na roƙe ta ta sayi ko da ɗaki ɗaya ne da sunanta, ta zuba 'yan haya. Ta yi mini dariya, ta ce ina amfanin sayen ƙasa alhali ga ƙasa a gida tana kwance. Na ce ƙasar ta Manaja ce. Ta ce ita da Manaja ai ba su da rabe-rabe.

Da rijiya aka fara, don ba a gini ba ruwa. Daga nan katanga, sai jerin ɗakuna masu kallon hanya. Kuɗin sun fi ƙarfin aljihu ɗaya, saboda haka kashi-kashi suka riƙa tafiya, kullum da safe riga sabuwar guga da abin da ke cikinta. Shekarar nan Manaja ya sauya riga har na ce ko takara zai tsaya. Yakan tsaya a wurin aiki hannu a baya, yana nuna inda za a sauke yashi, leburori suna ce masa ranka ya daɗe. In lokacin biya ya yi sai ya sa yatsu biyu a aljihun ƙirji ya zaro, a hankali, yadda kowa zai gani. Yaya kuwa ruwan sha take kai wa ma'aikata a bokiti. In sun yi mata godiya sai ta ce maigida za su gode wa, shi ke ta fama. Ranar da rijiya ta kawo ruwa ina wurin, matan unguwa sun taru suna taya ta murna, na ji ta da kunnena tana cewa maigida ya daɗe yana tari don wannan rana. Na kalle ta, ta kau da kai.

Ba a daɗe ba aka shimfiɗa kwalta ta gaban filin, aka kwashe jujin, gari ya taho ya same su. Ɗakunan suka cika da 'yan haya, su ma suka tare a biyu na ƙarshe. Karon farko cikin shekaru masu yawa Manaja ya riƙe kuɗin da ba daga ƙusar bayan ƙofa suka fito ba, don shi ke karɓar haya. Daga nan na ga mutumin ya sake. Ya riƙa zama a kujera a bakin rijiya yana ba matasa labarin yadda ya ga wurin nan tun yana juji ya san zai yi daraja. Ya faɗa, ya sake faɗa, har na lura ba ya satar kallon Yaya in yana faɗi. A da yana yi, daga baya ya daina.

Abin da ya kashe auren magana ce guda ɗaya. Wan Manaja, wanda suke kira Babba, ya zo da labarin wani mai gidan mai da ke son gaban filin, da rijiyar da ɗakunan da ke bakin kwalta. Shawararsa ita ce a sayar, Manaja ya zuba kuɗin a harkar motocin da Babban ke yi. Suna zaune a tsakar gida sun gama tsara komai, har da ranar da za a kira mai awon fili, Yaya ta kawo musu ruwa. Ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta ce da dai an tambaye ta, tunda da kuɗin sallamarta aka haƙa rijiyar aka ɗora ɗakunan. Ba da faɗa ta faɗa ba, ita kanta ta ce ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. Babba ya yi wata 'yar dariya ya dubi ƙanensa. Manaja ya miƙe ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya, kamar yadda ya yi a watan farko. Wannan karon ba rigar da za ta gyara abin. Kafin mako ya zagayo ya sallame ta, ya ce ta ci masa fuska a gaban ɗan'uwansa, ta yi masa sharrin da ba zai iya zama da shi ba.

Da jaka ɗaya ta zo gidana, sai dutsen gugarta a hannu. Gidan namu ɗaki biyu ne, ni da maigidana da yara, don haka sai na share mata ɗan sitona na ajiyar kaya. Tsakanin tarin bokitai da bahuna aka shimfiɗa mata katifa, in ta miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Matar da ta gina jerin ɗakuna ke nan. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa nuna mata komai ba, amma tana jin yadda muke rage murya in ana maganar cefane. Wata safiya tana ninke zaninta ta ce mini ita ba ta son filin, ba ta son ribar da ya yi, ba ta ma son a ce Manaja ya yi ƙarya. Abin da ta zuba kawai take so ya dawo, ta sayi ɗaki ɗaya wanda za ta kulle da makullinta, in mutuwa ta zo ta same ta a nata.

Mun fara da manya. Aka zauna sau biyu, Babba ya yi ta jan magana, ya ce mace in ta taimaki mijinta da ɗan abin cefane ba ta zama mai gida ba. Manaja bai zo ba, ya aiko cewa ba ya jin daɗi. Daga nan na ja ta zuwa ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi. Wata matashiya aka haɗa mu da ita, mai saurin magana, teburinta cike da fayil har ba a ganin katakon. Ta ƙarfafa mana gwiwa da farko. Ta ce kuɗin da mace ta samu da guminta nata ne, aure ba ya mayar da su na miji, kuma in ta zuba su a dukiyarsa kotu na iya sa a dawo mata da su. Abu biyu ake bukata, a nuna inda kuɗin suka fito, a kuma nuna hanyar da suka bi suka shiga filin.

Na farkon bai ba mu wahala ba, asibiti na da shaidar sallamarta, banki ma ya nuna ta riƙa cirewa kaɗan-kaɗan har suka ƙare a shekarar ginin. Na biyun ne ya tsaya mana a wuya. Lauyar ta tambaye ta ko rance ta ce masa, ko haɗin gwiwa, ko kuwa wani abu daban. Yaya ta ce ba su taɓa maganar ba. Ta tambaya wa ke wurin lokacin da take ba shi. Yaya ta ce ai ba ta taɓa ba shi ba, a riga take sawa. Sai da na yi bayani sau biyu kafin yarinyar ta gane. Ta ajiye bironta ta daɗe tana kallon hannuwan Yaya, sannan ta ce za mu gwada.

Kotun wani ɗaki ne mai bencina da fanka ɗaya mai ƙara. Mun yi ta zuwa ana ɗagawa, har masu sayar da ruwa a bakin ƙofa suka san mu. Da aka zo sauraron shaidu, mai haƙar rijiya aka fara kira, dattijo mai gaskiya wanda ba ya da dalilin cutar kowa. Ya ce Manaja ne ya biya shi, daga aljihunsa, a gaban yaransa. Lauyan Manaja ya tambaye shi ko matar ta taɓa ce masa wani abu game da kuɗin. Ya ce ƙwarai, ta ce maigida za su gode wa. Magini ma haka ya faɗa. Sai maƙwabciyarsu, aminiyar Yaya ce ta shekaru, mu muka kawo ta. Tana hawaye ta ce ita zuciyarta ta yarda da Yaya, amma tunda an sa ta rantsuwa, abin da ta ji shi ne maigida ya daɗe yana tari. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Maganar Yaya suka dawo mata da ita, kalma bayan kalma, yadda ta ba su ajiya.

Ni ma an kira ni. Na faɗi ranar da na kama ta tana zura kuɗi a aljihu. Lauyan ya tambaye ni ko kuɗin gini ne, na ce a'a, wannan tun Tilo na makarantar firamare ne. Ya tambaya ko na ga na ginin da idona, na ce ban gani ba amma ko makaho ya san mutumin nan bai taɓa samun na sayen bulo ɗaya ba. Alƙali ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai. Na ƙara wata maganar, ya ce in zauna. Da aka tambayi Manaja inda mutum marar aiki ya samu kuɗin gini, sai ya ce dillancin filaye yake taɓawa, kowa a unguwa ya sani. Kuma gaskiyarsa, kowa ya sani, don Yaya ta fi shekara ashirin tana faɗa musu.

Tilo yana waje a kan benci duk wannan lokacin. Magidanci ne yanzu, yana gyaran firji da fanka, kuma yana zaune da matarsa a ɗaya daga cikin ɗakunan uban. Na fita na same shi raina a ɓace, na ce ya shiga ya faɗi abin da ya sani. Ya daɗe yana murza makullin babur ɗinsa kafin ya ce:

"Inna, me na sani? Tun ina yaro in na kawo takardar kuɗin makaranta, Mama ke cewa in kai wa Baba. In an biya ta ce in je in yi masa godiya. Na durƙusa na gode masa ya fi a ƙirga. Yau in shiga in ce duk wannan wasa ne?"

Na koma ciki.

Ranar da Yaya ta tsaya da kanta ita ce ranar da ta fi mini ciwo. Abin da ta shafe rayuwarta tana rufewa, shi ta tsaya tana tonawa a gaban baƙi, da muryar da sai da alƙali ya ce ta ɗaga. Ta faɗi bashin mai kanti, ta faɗi jinyar uwarsa, ta faɗi ƙusar bayan ƙofa da yadda take ninke kuɗin gida uku. Tana yi tana kallon ƙasa kamar ita ce mai laifi. Da ta gama, lauyan Manaja ya taso a natse, bai ɗaga mata murya ba.

"Mama, wato duk shekarun nan abin da kike faɗa wa maƙwabta da ma'aikata da ɗanki ba gaskiya ba ne?"

"Ba gaskiya ba ne."

"To wanne kike so kotu ta ɗauka, wanda kika faɗa kina cikin daɗin aure, ko wanda kike faɗa bayan an rabu?"

Yaya ta ɗago kai. Ta juya ta dubi Manaja, ina jin ta ɗauka ko a nan zai ce wani abu. Yana zaune cikin farar riga, hankalinsa kwance. Shi da aka tambaye shi batun aljihu, cewa ya yi kowane namiji yakan tsinci canji a rigarsa, amma shi bai tuna da wani kuɗi mai ninki uku ba. Ya faɗa ba tare da ƙifta ido ba, har na fara zargin ko mutumin ya manta da gaske. Da muka fito, abin da Yaya ta fara ce mini shi ne wanda ya goge masa rigar nan ya ƙona gefen kwalar. Na ji kamar in kama ta in girgiza.

Alƙalin tsoho ne mai alamar gajiya. Ranar hukunci ya ce ya ga hannuwan mai ƙara, ya kuma ga shekarar da kuɗinta suka ƙare, kuma shi ma mutum ne. Amma ya ce ba shaida ko ɗaya da ya ga kuɗin sun shiga filin, kuma ko da sun shiga, ba abin da ya nuna ba kyauta ba ce irin ta mata da miji, tunda ita da bakinta ta ce ba ta taɓa kiransu rance ba. Ya kori ƙarar. Ya cire tabarau ya ce wa Manaja ya ji tsoron Allah ya duba tsohuwar matarsa, amma wannan shawara ce, ba umarni ba. Lauyarmu ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, sai dai ba ta ɓoye mana cewa can ma shaidun nan za a karanta ba. Yaya ta ce ya isa, ba za ta ƙara tsayawa ta tsiraita kanta ba.

An sayar da gaban filin kafin damina. Na bi ta wurin a mota na ga sun rushe ɗakunan bakin hanya, sun toshe rijiyar da kankare, a kanta ne ma suka kafa allon farashin mai. Ban faɗa mata ba, amma ta ji a bakin wasu. Ba ta yi kuka ba. Washegari ta ce in ba ta aron manyan bahuna biyu cikin kayan sayarwata, ta fara karɓar wankin unguwa. Ba inji a nan, hannu ne da sabulu, a tsugune a tsakar gidana. Tsagar yatsunta ta riƙa buɗewa tana jini, sai ta naɗe da tsumma don kada ta ɓata wa mutane kaya. Abin da take samu take zubawa a wani gwangwanin madara, wai na ɗaki ne.

Wata ranar Asabar Tilo ya zo da kaya a leda, ya ce nasa ne, matarsa ba ta jin daɗi. Ya ajiye bai zauna ba. Yaya ta zazzage ledar tana rarrabewa, sai ga farar riga a ƙasa, mai ƙonannen gefen kwala. Ta ɗauko ta. Ban ga ta yi niyya ba, yatsunta ne kawai suka tafi inda suka saba. Ta zaro kuɗi, an ninke su gida uku a tsaye, siriri kamar tsinke.

Ba su da yawa, ba za su sayi ko ƙyauren ɗaki ba. Amma ni nan take na gane. Ashe Manaja ya tuna. Ashe duk zaman nan da ya yi a kotu hankali kwance ya san ninkin, har ya iya yinsa. Na ce ta tashi mu tafi wurin lauya yanzu-yanzu, ga shaida ta zo da ƙafarta. Yaya ta dube ni da idanun da suka gaji, ta ce:

"Wa ya ga ya sa?"

Na kira Tilo a waya. Ya rantse shi riga kawai aka ba shi, aka ce ya haɗa da nasa. Na yarda da shi, don haka aka yi masa tun yana yaro.

Na ce to ta ɗauki kuɗinta, haƙƙinta ne, ta mayar masa da rigarsa da dauɗarta. Wannan karon ta bi maganata. Ta zuba kuɗin a gwangwani, ta cusa rigar a leda yadda ta zo. Wata ya ƙare Tilo ya kawo nasa wankin, ba farar riga. Wani watan ma haka. Na ga tana zazzage ledar har ƙasa, tana sake dubawa. A wata na uku, da Tilo zai tafi, ta bi shi zaure ta ce masa, ba tare da ta kalle shi ba, in akwai sauran kaya a gida ya riƙa haɗowa. Rigar ta dawo. Ta wanke ta, ta sa mata sitaci, ta goge. Wata na gaba ta sake dawowa da ninkinta a aljihu.

A haka ake har yau. Ba wanda ya ce biya ne, ba wanda ya ce bashi ne, in na yi magana ta ce in rufe bakina. Kuɗinta na sallama suna dawo mata kaɗan-kaɗan, da sharaɗin da ba a furta ba, sai ta wanke wa mutumin da ya sallame ta riga. Kuɗin ɗaki kuwa kullum gaba yake yi, ya fi gwangwanin sauri nesa ba kusa ba. Ta san haka, ba yarinya ba ce. Har yanzu a sitona take kwana, ƙafarta na taɓa ƙofa, kuma tari ya fara kama ta in ta daɗe cikin ruwa.

Jiya da hantsi na dawo ɗaukar kaya na same ta tana gugar rigar a kan tebur. Ta bi kwalar a hankali, ta kauce wa wurin ƙunar, ta juya ta goge hannuwan. Da ta gama ta jingine dutsen, sai na ga hannunta na dama ya tafi bakin zaninta inda take ƙulle kuɗi, ya kwance, ya nufi aljihun. Ya kusa shiga ta farga. Ta tsaya haka, hannu a sama, ta daɗe. Sannan ta mayar da kuɗin ta ƙulle, ta shafa aljihun ya kwanta, ta ninke rigar ta sa a leda, ta jawo baho na gaba.